Hular da Iya Ba Ta Ƙarasa Ba

Lugbe, Abuja
Oktoba, 2021

Zuwa ga Kawu Datti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Iya da ƙanwata Yusra da duk mutanen Bakori. Ni lafiyata ƙalau.

Tun da aka datse layin waya a wajenmu saboda 'yan bindiga ban ji muryar kowa ba. Jiya na je tashar Zuba na sami Ɗangoggo direba, ya ce in dai takarda ce zai riƙa kai mana yana kawowa, don yanzu rabin lodinsa wasiƙu ne.

Kawu, akwai labari. A tsakiyar watan gobe za a kai mu 'yan ajin ƙarshe wani taro a Garki, baje kolin ayyuka. Kamfanoni da bankuna ne ke kafa rumfuna, mu kuma mu bi su da takardunmu muna tallan kanmu. Wanda ya burge su sai su nemi a turo musu shi hidimar ƙasa, daga nan wani lokacin su riƙe shi. Sau ɗaya ake yi a shekara.

An kawo wata mata, Madam Gift, tana koya mana shiri. Ta ce in kalli mai tambaya cikin ido. In ba shi hannu da ƙarfi ko da ya haifi ubana. Kada in durƙusa. In faɗi sunana da murya, in yabi kaina kafin ya gaji da ni. Ta ce in sa kwat, in bar hula a gida.

Sai abu ɗaya. Ɗangoggo ya ce ya ga an fito da Iya daga asibiti a Funtua, Yusra na riƙe da ita. Me ya same ta?

Ɗanka,
Maharazu

*

Bakori

Zuwa ga ɗana Maharazu, mai tallan kai,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana ƙamshin fetur da busasshen kifi. Muna lafiya, an yanke masara, an gode Allah.

Na ƙare ƙuruciyata a aji ina koya wa yara rubutun wasiƙa, suna dariya wai zamaninta ya wuce. Yau ga su nan a zaurena, har da masu digiri, suna tambayar ina ake sa kwanan wata. Ban ji daɗin abin da ya jawo ba, amma na rama.

Ka gaishe mini da Madam. Tun da aka yaye ka aka miƙo mini kai nake koya maka sunkuyar da kai gaban manya, ga shi za ta warware a wata guda. Ban yi mamaki ba. Ku mutanen Abuja kun fi kowa sanin rusau ya fi gini sauri. Mu a zamaninmu yabon kai jahilci ne, ashe yanzu har malama gare shi.

Yayata Iya jiki da sauƙi. Likita ya ce zuciya ce ta kumbura, ƙafafu kuma suka taya ta. Kunu ma ba ta shanye kofi. Amma in ka tambaye ta, da sauƙi. Ka san mu, wannan kalma ba ta taɓa ƙare mana ba.

Ka san kuma ba za ta zauna a karanta mata wasiƙar ɗan fari ba, ita da ko sunanka ba ta kamawa. Sai na zauna a tsakar gida na karanta wa akuya da ƙarfi. Iya na bakin ƙofarta, ta ba ni baya, tana ɗinkin wata hula. Tun daga sallama har sa hannu allurar ba ta motsa ba. Da na gama ta ce, "Datti, ka cika surutu, kai da ɗan naka."

Hular nan wai ta sayarwa ce. Shuɗiya ce da ratsin ruwan toka. Na miƙa kaina a gwada, ta ce ba a yi wa gwanda hula. Mai shago ya taya, ta ce an riga shi. Da na zo inda Madam ta ce a bar hula a gida, sai ta ninke ta, ta tura ƙarƙashin tabarma. Da la'asar na ga ta sake fito da ita.

Akuyar tana gaishe ka.

Kawunka,
Datti

*

Lugbe

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan jikin Iya ya ƙara sauƙi. Hular kuma Allah Ya kawo kasuwa.

Na sayi kwat a gwanjon Karimo. Hannun ya ɗan wuce yatsuna, tela ya rage. Abokin ɗakina Kingsley, ɗan Kagoro, shi ke ɗaura mini laktaye, ni in na ɗaura sai ka ce za a ja rago kasuwa.

Ranar Asabar an yi gwaji. Madam Gift ta zauna a matsayin shugabar kamfani, ta sa wani dattijo mai furfura a gefenta. Na shiga da kyau, kafaɗa a miƙe. Ina haɗa ido da furfurar nan, wallahi Kawu ban san lokacin da gwiwata ta taɓa ƙasa ba. Aji ya fashe da dariya. Madam ta ce, "Maharazu, aiki ka zo nema ko aure?" Ta sa na maimaita shigowar har gwiwar ta haƙura.

Yanzu ga maganar. Ban sami natsuwa ba tun wasiƙarka. Na san sauƙin mutanenmu. Madam ta koya mana abu ɗaya da na yarda da shi: ka yi tambaya a fili, ka karɓi amsa a fili, ka daina duba a fuskar mutane kamar boka. To ina tambaya a fili. Ka tambayi Iya, in zo? In ta ce in zo, wallahi zan rataye kwat ɗin nan in hau mota, baje koli ya daɗe bai tashi ba. In ta ce a'a, zan zauna.

Amma daga bakinta nake so, Kawu, ba daga naka ba. Kingsley uwarsa ta kira shi jiya don kawai ta yi mafarkinsa. Ni tun da nake ban taɓa jin Iya ta ce "zo" ba. In na je gaishe ta na durƙusa, amsa biyu ce, "Lafiya" da "Madalla", sai ta kira Yusra ta ba ni abinci. Na san al'ada ce, ka sha gaya mini. Amma ciwo ai ya fi al'ada. Sau ɗaya dai.

Ɗanka,
Maharazu

*

Bakori

Maharazu,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwar nan taka ka yi mata addu'a, ita kaɗai ta rage mini a cikin gumin da na zuba.

Na tambaye ta, ba ta bakin akuya ba, kai tsaye. Ta daɗe tana neman ramin allura. Sannan ta ce, "Ni na aike shi Abuja da zan kira shi? Ya yi abin da ya kai shi." Ta kuma sa na rantse ba zan ce maka ka taho da bakina ko da alƙalamina ba. Yayata ce, ta goya ni. Na rantse.

Ga maganarta nan yadda ta faɗa, ban ƙara gishiri ba.

Sauran labarin gari. Ta aika an kira ƙanwarta daga Ƙanƙara, ta zo. Ta aika an kira ƙawarta ta ƙuruciya, ta zo. Ta raba kwanukanta. Ta yafe wa matar maƙwabci wata tsohuwar rigima a kan kaza. Gidan ya cika da takalma. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ɗaga kai ta ce, "Wane ne?" In an faɗa mata sai ta ce, "To," ta koma kan hularta. Yanzu a kwance take ɗinkin, Yusra ke zura mata zare.

Ɗangoggo ya ce in gaya maka ranar Laraba kujerar gaba babu kowa. Ban san me ya sa yake so ka sani ba. Ni dai ɗan aike ne.

Kai ɗan jami'a ne, ka iya karatu.

Kawunka,
Datti

*

Lugbe

Kawu,

Ina gaisuwa. Na karanta, na kuma gane.

Ta kira ta Ƙanƙara. Ta kira ƙawa. Har matar maƙwabci mai kaza ta sami shiga. Ni kaɗai aka tambaye ta ko in zo, ta ce ba ita ta aike ni ba. Har rantsuwa ta sa ka yi don kada ƙafata ta taka gidan. Wace amsa ce ta fi wannan fili?

Na karanta wa Kingsley. Ya ce, "Oga, ka tafi gida. Mamana ko ya ce kar ka zo, ni zan je, ya zage ni a can." Na ce masa uwarsa daban, tawa daban. Shi in ya je za a rungume shi. Ni in na je durƙusawa zan yi in kalli tabarma, a ce "Madalla", in kuma rasa abin da na yi wata ina shiri dominsa. Ga saɓa umarninta a kai.

Ta ce in yi abin da ya kawo ni. To zan yi. Tunda har tana ɗinkin sayarwa, ai da sauran ƙarfi. Ranar Alhamis ta makon gobe ne taron. In Allah Ya sa na dace, zan zo da takardar a hannu in ajiye a gabanta. Wataƙila ranar ta sami kalma ta uku.

Ka gode wa Ɗangoggo, ya sayar da kujerarsa.

Maharazu

*

Bakori
Talata

Maharazu,

Babu doguwar gaisuwa yau.

Ranar Larabar da ta wuce na je tasha da sabuwar riga ina jiran kujerar gaba. Motar ba ta zo ba, ta lalace a Kateri, sai jiya ta iso. Duk kwanakin nan ina ce wa Yusra kana hanya. Aka buɗe ƙofa, wani mai buhun citta ya sauko daga kujerarka, Ɗangoggo ya miƙo mini takarda.

Na ce ka iya karatu. Ashe abin da aka rubuta kawai kuke karantawa a can.

Na karya rantsuwar. Zan ciyar da miskinai, bana ba su yi mana ƙaranci ba.

Taho. Ka ajiye kwat, ka taho. Ba ta iya riƙe allura tun shekaranjiya.

Datti

*

Lugbe
Alhamis da yamma

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Iya ta sami sauƙi. Ban jira amsarka ba, bakina ba zai iya riƙe labarin ba. Gobe zan kai wannan Zuba, in akwai taka in karɓo.

Kawu, na yi! Tun da safe muka tare mota a bakin titin filin jirgi, Kingsley na riƙe mini da takardu don kada gumi ya ɓata su. Zauren ya cika maƙil, kowa cikin baƙin kwat kamar taron hankaki. A ƙofa Madam Gift ta sa duk muka kashe waya, ta ce wanda tasa ta yi ƙara a gaban oga ya kashe kansa.

Rumfa ta farko na yi ta in'ina. Ta biyu na manta rabin abin da na haddace. A ta wani kamfanin takin zamani na sami dattijo mai furfura sak irin na gwaji. Gwiwata ta motsa, na ce mata kul. Na kalle shi cikin ido na ce, "Sunana Maharazu." Ya tambaye ni me na sani game da manomi. Na manta haddar, na ba shi labarin masarar Bakori da yadda taki ke isowa bayan an gama buƙatarsa. Ya yi dariya, ya rubuta wani abu a kan takardata. Sun ce in zo ganawa ta biyu a ofishinsu a watan gobe.

Da na fito na kunna waya, na ga wata baƙuwar lamba ta yi ta kira tun hantsi. Na bi, wani mai cajin waya ne a Giwa. Ya ce wata yarinya ce ta sauka daga mota ta ari wayarsa, ta yi ta gwadawa, da azahar ta yi ta ce ba za ta iya ƙara jira ba, ta koma. Bai tambayi sunanta ba. Ina jin kuskuren lamba ne.

Ka karanta wa akuya wannan da ƙarfi.

Ɗanka,
Maharazu

*

Bakori
Disamba

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu? Yusra lafiya, tana wajen ƙanwar Iya. Ni ma ana cewa da sauƙi.

Ka zo, ka zauna zaman makoki, ka tafi, ban ji kalma goma daga bakinka ba. Duk wanda ya yi maka gaisuwa ka kalle shi cikin ido har ya rasa inda zai sa nasa. Madam ta iya aiki. Ni kuma duk surutuna ban iya buɗe baki ba, sai yanzu da ka yi nisa. Da alƙalami aka yi ni jarumi.

Wasiƙarka ta ranar taro ta riga ka isowa da kaɗan. Ban karanta wa akuya ba. Na je maƙabarta da ita a aljihu, na tsaya, na dawo da ita.

Abin da ba ka tambaya ba, ga shi. Da hantsin Alhamis ta cika. Tun da safe Yusra ta ga alama, ta hau mota zuwa Giwa inda waya ke kamawa. Ita ma ba ta same ta ba, ta dawo ana shirin ɗauka. Kafin ta cika wata mota ta tsaya a waje, Iya ta buɗe ido ta ce, "Wane ne?" Mai kai gawayi ne. Na so in yi mata ƙarya, na ga ba za ka shigo ba. Na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "To."

Na san abin da kake so ka ji, ko ta kira sunanka a ƙarshe. Da marubucin littafi ne ni da na ce ta kira. Ba ta kira ba. Ta tafi da kunyarta cif, ko ƙwaya ba ta zubar ba. Uwarta haka ta yi, kakarta haka ta yi, kuma kowa a garin nan yana yaba mata. Ni ma ina gyaɗa kai in ana yabon.

Kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai. Ta faɗi abin da aka koya mata, ka ji yadda aka koya maka, ni kuma na tsaya a tsakiya ina gwanintar zance.

Ga ƙunshi nan wajen Ɗangoggo. Hular ce, a ƙarƙashin matashinta aka same ta. Saura wuri kamar tafin hannu ba a cike ba. Yusra ta ce za ta ƙarasa, na hana. Na sa an haɗa ta kawai. Mai shago ya sake tayawa, na ce an riga shi.

Ka je ganawarka. Ta ce ka yi abin da ya kai ka, wannan kam da gaske take.

Kawunka,
Datti

*

Lugbe

Kawu,

Ina gaisuwa. Ya haƙuri?

An ce layin waya ya dawo. Na ɗauko in kira ka, na ajiye. Ba zan iya da murya ba.

Ƙunshin ya kwana biyu a kan kwat ɗin ban buɗe ba. Kingsley ne ya gaji, ya ajiye mini a cinya ya fita ya ja ƙofa.

Na je ganawar jiya. Na sa kwat, na sa hular. A bakin ofishin wata ma'aikaciya ta ce, "Oga, hularka ba a gama ɗinki ba." Na ce na sani. Dattijon nan ya dubi hular, ya dube ni. Sun ce za su neme ni. Ban damu ba kamar yadda na zata.

Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Kawu, hular ta zauna. Ba ta matse ba, ba ta yi rawa ba. Ka san kaina, ko a kasuwa sai na gwada tuli kafin in sami ɗaya, saboda tudun nan na ƙeya. Har tudun an bar masa wuri. Duk hulunana suna nan Abuja, ban bar ko ɗaya a gida ba. Iya kuwa tun da na yi wayo hannunta bai taɓa kaina ba.

Wa ya ba ta awo? Kai ne?

Ɗanka,
Maharazu

*

Bakori

Maharazu,

Lafiya lau, sai haƙuri.

Ba ni ba ne. Ni da aka ce kaina gwanda, wa zai nemi awo a wajena?

Na sha zama a gefe in ka zo gaishe ta. Kana shigowa ka zube, ka kafa ido a tabarma yadda na koya maka, ka yi ta jero gaisuwa. Ita kuma ta ce "Lafiya", ta ce "Madalla". Kana tsammanin bango take kallo?

Tun kana ɗan firamare, daga durƙusawarka har miƙewarka, idonta na kan kanka. Kana ɗagowa take kawar da fuska ta ƙwala wa Yusra kira.

Nan ta auna.

Kawunka,
Datti